Yadda girgizar ƙasa ke tayar da tsunami, da abin da zakayi mataki-mataki in ta riske ka a bakin teku

Safiyar Lahadi 26 ga Disamba 2004, wajen ƙarfe takwas saura, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin Tekun Indiya kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya, da ƙarfin maki 9.1. Akwai wani tsibiri da ake kira Simeulue, yana daga cikin wurare mafi kusa da inda abun ya faro, mutanensa sun haura dubu 70, amma waɗanda ruwan ya kashe a can mutum 7 ne. A yankin Aceh kuwa, da ke can kan babban tsibirin, waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun wuce dubu 160. Mutanen Simeulue basu da jiniya, basu da wata na'ura, babu wanda ya turo musu saƙo. Abin da suke dashi shine labarin kakanninsu na wani ruwa da ya cinye su a 1907, suna kiransa smong, tun yaro yana goye yake jin cewa in ƙasa ta girgiza sosai, teku ya ja baya, to a bar komai a hau dutse. Haka sukayi. Wannan labarin shi yasa na zauna nake wannan rubutu, domin abin da ya cece su abu ne da kowa zai iya koya cikin minti goma.

Sai ka gane yadda abun yake tasowa tukunna, dan kowane mataki na gudun daga nan ya samo dalilinsa.

Ɓawon duniyar nan da muke takawa a tsattsage yake, manya-manyan faranti ne na dutse da ke ɗauke da ƙasashe da tekuna, kuma kullum cikin motsi suke a hankali, 'yan santimita a shekara, kamar dai yadda farce ke tsiro. A wasu wurare wani faranti yana kutsawa ƙarƙashin wani, kamar gabashin Japan inda farantin Fasifik ke shigewa da kimanin santimita 8 zuwa 9 duk shekara, haka gefen Sumatra da Jawa, haka Chile, haka Alaska. Matsalar ita ce basa zamewa sumul, cijewa sukeyi. Na ƙasan yana ta turawa, bakin na saman ya maƙale dashi yana lanƙwasuwa ƙasa, shekara ɗari, ɗari biyu, wani lokacin ɗari biyar. Ɗauki rula ta roba ka danne bakinta da yatsa kana lanƙwasa ta, in ta kai inda bazata iya jurewa ba zata kufce ta ɗago fal. To haka ƙasan teku keyi ranar da cijewar ta ɓalle. A 2004 tsagar ta kai tsawon kilomita 1,300 ko kusa da haka, kuma gindin teku ya ɗago da mitoci a tsawon wannan layi cikin 'yan mintuna.

Yanzu ka tuna duk ruwan da ke bisa wannan wuri, zurfin kilomita uku ko huɗu, shima dole ya ɗago tare da gindin, tunda ba matsuwa ruwa keyi ba. Sai a samu wani tudun ruwa a tsakiyar teku, nauyinsa ya jawo shi ƙasa, ya baje ta kowace kusurwa. Wannan ita ce tsunami. Igiyar ruwan da ka saba gani a gaɓa iska ce ke kaɗa ta, saman ruwan kawai take motsawa, ta zo ta fashe ta koma cikin daƙiƙa goma. Ita kuwa wannan tun daga gindi har sama ruwan gaba ɗaya ke tafiya, tazarar da ke tsakanin igiya ɗaya da mai bi mata tana iya wuce kilomita 100, shiyasa in ta shigo sai tayi ta shigowa minti biyar, minti goma, minti ashirin bata tsaya ba.

Ba kowace girgiza ke kawo ta ba. Galibi sai ta auku ƙarƙashin teku ko dab dashi, ba can cikin zurfin ƙasa sosai ba, ƙarfinta ya kai maki 7 zuwa sama, sannan babban sharaɗi, gindin tekun ya motsa sama ko ƙasa. A 11 ga Afrilu 2012 an yi wata mai maki 8.6 a yammacin Sumatra ɗin nan dai, jama'a suka firgita suka gudu, amma igiyar da ta zo 'yar ƙarama ce, saboda farantan gogar juna sukayi gefe da gefe, ruwan bai ɗago ba. Sai dai kar wannan ya ruɗe ka, kai da kake tsaye a gaɓa ƙasa na rawa da kai baka da hanyar sanin wace iri ce, kuma a birnin Palu na Indonesiya a Satumbar 2018 girgizar irin ta gefe da gefe ce mai maki 7.5 amma duk da haka ruwa ya afka wa garin cikin 'yan mintuna.

A tsakiyar teku gudunta ya danganta da zurfi. Inda zurfin ya kai mita 4,000 tana yin kusan kilomita 700 a awa, gudun jirgin sama kenan, amma tsayinta sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, jirgin ruwa zai bi ta kanta ma'aikatan basu ji komai ba. Kalmar ma daga Japananci take, tsu tashar jiragen ruwa, nami igiya. A 1896 masuntan yankin Sanriku na Japan suna can cikin teku da dare basu lura da komai ba, da suka dawo da safe suka tarar garuruwansu babu, mutum kusan dubu 22 sun tafi. In ta kusanto gaɓa zurfi ya ragu sai gaban igiyar ya rage gudu, bayan kuma yana nan tafe a guje, sai ruwan ya cunkushe ya hau kan juna yayi tsiri. A zurfin mita 10 gudun ya sauko zuwa wajen kilomita 36 a awa. Kar kace ai ta yi sanyi, Usain Bolt da ya kafa tarihin mita 100 a 2009 gudunsa bai wuce wannan da komai ba, shima na ƙasa da daƙiƙa goma. Wanda ya tsaya sai ya hango ta da idonsa kafin ya tashi, to ya makara.

Toh mu shiga aikin.

Mataki na farko tun ranar da ka sauka a wurin akeyinsa, ko zama ya kai ka, ko aiki, ko karatu, ko hutun kwana uku. Ka tambaya ko yankin yana cikin inda tsunami ke kaiwa. Duk kewayen Tekun Fasifik nan ne tafi yawa, sai gabashin Tekun Indiya, amma Bahar Rum da Karebiyan ma sun sha gani, birnin Lisbon na Fotugal ma ta taɓa cinye shi a 1755. A ƙasashe da dama zaka ga alluna a bakin hanya da hoton igiya da mutum yana hawa tudu, da kibiya mai nuna inda za a bi. Ka nemi taswirar, ka nemo tudun da yafi kusa, abin da ake so shine ka kai tsayin mita 30 sama da teku, in kuma wurin shimfiɗaɗɗe ne babu tudu to ka nausa ciki kamar kilomita 3. Sannan, dan Allah, ka taka hanyar nan da ƙafarka ko sau ɗaya, kana duba agogo. Mutane na tsallake wannan suna ganin ɓata lokaci ne, alhali a nan zaka gano cewa hanyar da taswira ta nuna akwai gada a kanta wadda girgiza zata iya karyawa, ko katanga ta tare, ko tafiyar da ka ɗauka minti biyar ce ashe ashirin ce in kana riƙe da yaro ko tsoho. Ka samu hanya ta biyu. Ka guji wadda ke bin gefen kogi, zan faɗi dalili a gaba.

Na biyu, ku zauna da iyali ku yi magana, kuma maganar tana da nauyi. A Sanriku suna da wata koyarwa da suke kira tendenko, ma'anarta in tsunami ta taso kowa ya gudu tudu daga inda yake, kar a koma neman juna. Da farko ji nayi abun ya min tsauri, ta yaya uwa zata gudu bata je makaranta ɗauko ɗanta ba? Amma da ka duba yadda mutane suka mutu a tsunamin Japan ta 2011 zaka fahimta, da yawa sun riga sun tsira suka juya gida ɗauko wani, ko suka tsaya jiran wani, ruwan ya haɗa su duka. Iya ruwa fid da kai. Koyarwar tana aiki ne in akwai amana tsakaninku tun kafin ranar, uwa ta tabbata ɗanta ya san hanya kuma zai gudu ko bata zo ba, ɗan ma ya tabbata uwarsa bazata dawo nemansa ba. Ku tsayar da wurin haɗuwa guda a kan tudu. Jariri, da mara lafiya, da tsohon da baya iya tafiya, su kuma tun yanzu a san wa zai ɗauke su, ba sai ƙasa na rawa a fara shawara ba. Ƙaramar jaka a kusa da ƙofa, ruwan sha, maganin da kake sha kullum, tocila, ƙaramar rediyo mai batir, fawa bank, takardunka a cikin leda, takalmi mai ƙwari kusa da gado saboda fasassun gilasai. Jakar da bazaka iya gudu da ita ba ta yi yawa, rage ta.

Na uku, lokacin da ƙasa ke girgiza. A nan ba ruwa ne abin tsoronka ba tukunna, abin da zai faɗo maka ne. Ka durƙusa, ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka riƙe ƙafarsa, ka kare kanka da wuyanka, in a waje kake ka nisanci gini da turakun wuta. Amma kana nan ka dinga lura da abu biyu, ƙarfinta da tsawonta. In ta yi ƙarfin da tsayuwa ta gagare ka, ko kuma ta ɗauki kamar minti ɗaya ko fiye ko da a hankali take, to ka ɗauka tsunami na hanya. Wannan na biyun shi yafi yaudarar mutane. Akwai girgizar da ke zamewa sannu-sannu, a gaɓa ba a jin ta sosai, amma tana ɗaga ruwa mai yawa. Ta Sanriku ta 1896 haka take, haka ta kudancin Jawa a Yulin 2006 wadda ta kashe sama da mutum 600 a yankin Pangandaran, da yawansu ko tsorata basuyi da girgizar ba.

Na huɗu, kuma wallahi in zaka manta komai kar ka manta wannan, tana lafawa ka tashi. Kar ka jira jiniya, kar ka jira saƙon waya, kar ka leƙa Facebook kaga me ake cewa, kar ka tsaya kallon maƙwabta ko sun fito. Girgizar ita ce sanarwar. A birnin Banda Aceh a 2004 tsakanin girgiza da isowar ruwa abin bai wuce minti 20 zuwa 30 ba, wasu gaɓoɓin ma ƙasa da haka. Kuma ita kanta girgizar tana iya kashe wutar lantarki, ta kayar da turakun sadarwa, jiniyar ta mutu. Ko hukuma ta yi magana, lissafin farko yana iya zuwa da ƙaranci. A 11 ga Maris 2011 girgiza ta afku ƙarfe 2:46 na rana, hukumar yanayi ta Japan ta fitar da gargaɗi cikin minti uku, wanda ba ƙaramin ƙoƙari bane, amma ta ƙiyasta mita 3 a Iwate da Fukushima, mita 6 a Miyagi. Wasu suka ji haka sukace ai katangarmu ta fi nan, suka zauna. Kafin a gyara lissafin wuta ta ɗauke a wurare da yawa. A yankin Miyako ruwan ya haura gangaren dutse har kusan mita 40. Garin Taro na da katanga mai tsayin mita 10 da ake alfahari da ita, ruwan ya bi ta kanta ya wuce.

Misalai biyu daga wannan ranar basa barin raina. A birnin Kamaishi wani malamin jami'a, Toshitaka Katada, ya shafe shekaru yana koya wa 'yan makaranta abu uku, kar su dogara kacokan da abin da taswira ta hasasa, su yi iyakar ƙoƙarinsu a duk halin da suka samu kansu, kuma su zama na farkon gudu. Ranar, 'yan sakandare suka fita a guje, 'yan firamare suka gansu suka bi, manya suka riƙe hannun ƙanana, da suka isa wurin da aka tsara suka ga bai yi musu ba suka ƙara hawa sama, ruwan kuwa ya zo ya shafe wancan wurin na farko. Cikin yara kusan 3,000 na birnin kusan duka suka rayu. A Ishinomaki kuma, makarantar firamare ta Okawa, akwai tudu a bayanta dab, amma aka tara yara a fili kusan minti 50 ana shawarar inda za a nufa, da aka tashi sai aka nufi wajen gadar kogi. Yara 74 cikin 108 suka rasu, da malamai 10. Allah ya kiyaye. Makarantar nan kusan kilomita 4 take daga teku, ta cikin kogin Kitakami ruwan ya biyo, ga dalilin da yasa nace ka nisanci kogi, tsunami tana hawa kogi da gudu fiye da yadda take bin tudu, sai ta ɓullo maka ta baya ko ta gefe inda baka zata ba.

Da ƙafa zaka tafi in dai da hali. Mota tana ba mutum jin cewa ya tsira, amma kowa tunaninsa kenan, sai a haɗu a mararraba ɗaya, ga fitilun hanya sun mutu, ga titi ya tsage, gosulo ya haɗu, a 2011 an samu mutane da yawa a cikin motocinsu a layi. Ruwan da bai kai rabin mita ba yana ɗaga mota. In ka riga ka shiga ka ga hanya ta cushe, faka a gefe ka fita ka taka. A bar titi ga masu ɗauke da waɗanda basa iya tafiya. Kana gudu kana ɗaga murya kana cewa tsunami, a hau sama, saboda mutane in sunga wani na gudu sun fi tashi akan in an tsaya ana musu bayani.

Akwai alamun da tekun kansa ke nunawa, musamman in girgizar daga nesa take baka ji ta ba. Babbar cikinsu ja da baya, ruwa ya janye da sauri ɗaruruwan mitoci, duwatsu da kifaye su bayyana a fili inda ba a taɓa gani ba. A Tailan a 2004 mutane da yawa sauka sukayi suna kallo, suna ɗaukar hoto, yara na tsintar kifi. Wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, da aka koya musu darasin tsunami a aji makonni biyu kafin nan, ta ga ruwan na kumfa yana wani irin motsi a gaɓar Mai Khao ta Phuket, ta dage wa iyayenta har aka kwashe mutanen wurin kusan 100, babu wanda ya mutu a wannan gaɓar. Amma ka sani ba kullum yake ja da baya ba. Ya danganta da wane ɓangaren igiyar ya fara iso maka, kwarin ko tudun. A wannan ranar dai, Tailan da Sumatra janyewa suka fara gani, Siri Lanka da Indiya kuwa ruwan hauhawa ya fara yi. Sauran alamun, ƙara mai kama da jirgin ƙasa ko jirgin sama daga wajen teku, farin layi ko baƙin layi a can nesa, ruwa ya cika da sauri ba lokacin cikarsa ba. Ko ɗaya ka gani ya isa. Wani lokacin ma babu girgiza sam, a Disambar 2018 gefen dutse mai aman wuta na Anak Krakatau a Indonesiya ne ya zaftare cikin teku da dare, sama da mutum 400 suka mutu.

In ka duba kaga bazaka kai tudu ba, sai hawa bene. Ka nemi dogon gini na kankare da rodi, otal ko makaranta ko ofis, ka hau ta matakala banda lif, hawa na huɗu zuwa sama, in da hanyar rufi ka tsaya kusa da ita. A tsunamin Japan ta 2011, a unguwar Arahama ta birnin Sendai makarantar firamare mai hawa huɗu ta ceci mutum 320 alhali unguwar gaba ɗaya ta tafi. Amma wannan zaɓi na biyu ne, a Minamisanriku ruwa ya rufe ginin hukumar agajin gaggawa mai hawa uku har saman rufinsa, mutum 43 suka rasu. Gidan katako ko na bulo mara rodi kuwa kar ma ka fara. In har ruwan ya cim maka, ka kama duk abin da ke yawo a sama, ƙofa, katifa, gungume, ka yi ƙoƙarin hawa kai. Iya iyo baya wani amfani sosai a nan, mita ɗaya ta kowace fuska na ruwa nauyinsa tan guda ne, kuma ba ruwa zalla bane, baƙin taɓo ne haɗe da motoci da kwanon rufi da katakai da kwantena, su ke dukan mutum. Wanda ke cikin jirgin ruwa a can cikin teku mai zurfi ya zauna can kar ya dawo tasha sai an bada izini, wanda jirginsa ke ɗaure a tasha kuma girgizar ta kusa ce, ya bar jirgin ya hau tudu.

Mataki na gaba shine zama a saman, kuma nan ma ana asarar rayuka sosai. Tsunami jerin igiyoyi ce, tsakanin wata da wata daga 'yan mintuna har zuwa awa guda, kuma sau da yawa ta farko ba ita ce babba ba. A 22 ga Mayu 1960 Chile ta ga girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, maki 9.5. Bayan awa 15 igiyar ta isa garin Hilo na Hawai, an busa jiniya tun da daddare, wasu basu tashi ba, wasu da suka ga ta farko 'yar kaɗan ce suka koma gida, ta ukun ce ta zo ta kashe mutum 61. Bayan kusan awa 22 ta isa Japan ta kashe wajen mutum 140, daga ɗaya gefen duniya fa. A 1964 bayan girgizar Alaska, mutanen Crescent City a Kalifoniya sun dawo suna share shagunansu, ta huɗu ta same su. Ka zauna a tudu awanni, ko kwana ne, rediyonka a kunne, sai hukuma tace a sauko. Komawar ruwan zuwa teku ma tana da nata ƙarfin, ita ke kwashe mutane da gidaje ta shige dasu.

Ita wannan ta nesa ita ce na'urorin gargaɗi ke da amfani a kanta sosai. Akwai na'urori a gindin teku masu auna nauyin ruwan da ke kansu, in igiya ta wuce su aika saƙo zuwa wata tukunya mai yawo a sama, ita kuma ta tura ta tauraron ɗan'adam zuwa cibiyoyi irin ta Hawai wadda aka kafa a 1949 bayan tsunamin 1946. A 2004 Tekun Indiya bashi da irin wannan tsari, abun takaici kenan, ruwan ya ɗau kusan awa biyu kafin ya kai Siri Lanka inda ya kashe sama da mutum dubu 30, ya ɗau kusan awa bakwai kafin ya kai Somaliya ya kashe kusan 300, jimilla wajen mutum dubu 230 a ƙasashe 14. Awa biyu ta ishi mutum ya taka har ya fita daga haɗari da ace an faɗa masa. Yanzu an kafa tsarin a ƙarƙashin UNESCO, Indiya da Indonesiya da Ostareliya ke aika gargaɗi ga sauran. In irin wannan gargaɗin ya zo maka ka tashi cikin natsuwa, kuma kar ka je gaɓa kallo.

Sai saukowa. Gaɓar da zaka tarar ba wadda ka bari bace. Wayoyin wuta a cikin ruwa, ƙanshin gas, gine-ginen da ruwa ya rarake gindinsu suna jiran ƙaramar girgiza su faɗi, dan girgizar baya tana ci gaba makonni. Gobara ma na tashi, a Kesennuma ta Japan a 2011 tankokin mai ne suka fashe wuta ta kama bisa ruwa. A Banda Aceh wani jirgin ruwa mai bada wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, an same shi kilomitoci cikin gari a tsakiyar unguwa, har yau yana nan. Kar ka sha ruwan rijiya ko na famfo sai an tabbatar, gishiri da najasa da mai sun shiga, a Siri Lanka dubban rijiyoyi ne suka lalace, kuma tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta amma bata cire gishiri. Ciwo komai ƙanƙantarsa a wanke shi da ruwa mai tsabta a kai asibiti saboda tetanus, wanda kuma ya shaƙi ruwan nan ko yana jin garau a duba masa huhu, taɓon na haddasa mugun ciwon huhu bayan kwanaki.

Ɓarnar da ke daɗewa tafi wadda ake nunawa a bidiyo. A Japan a 2011 ruwa ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 561, gonaki sama da hekta dubu 20 suka sha gishiri, sai da aka kwashe taɓon aka yi ta wanke ƙasar da ruwan daɗi shekaru kafin shuka ta dawo. Masunta sun rasa jirage da taru da tashoshi lokaci guda. Ƙasar kanta tana nutsewa, a yankin Oshika ta sauka da sama da mita ɗaya, sai ya zama cikar teku ta yau da kullum tana shiga tituna. A tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi igiya mai kusan mita 14 ta shanye janaretocin da ke sanyaya injina, tukwanen makamashin nukiliya uku suka narke, aka kwashe sama da mutum dubu 100 daga gidajensu. Waɗanda suka mutu ko suka ɓace a wannan bala'i sun haura dubu 18, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka samu nutsewa sukayi, wato gine-ginen sun jure girgizar, ruwan ne yayi kisan.

In an zo sake gini, itatuwan gaɓa da tudun yashi da murjani suna rage ƙarfin ƙananan igiyoyi, ya kamata a bar su a kuma ƙara dasawa, amma ni dai bazan kwana a bayansu da sunan kariya ba, kafin tsunamin 2011 garin Rikuzentakata na Japan na da dajin itatuwa kusan dubu 70 a bakin teku, bayanta guda ɗaya tak ya rage a tsaye. Gidan kwana, makaranta, asibiti, janareto, a kai su sama, a bar ƙasan ga tasha da wurin aiki, da matakala mai faɗi da fitila mai aiki da hasken rana zuwa tudu. Ƙauyen Aneyoshi na Japan da tsunami ta share a 1896 da 1933 sun kafa dutse a gefen hanya da rubutun gargaɗi ga jikokinsu cewa kar a gina gida ƙasa da wannan wuri, suka koma sama da zama. A 2011 ruwan ya hauro kwarin nasu da tsayin kusan mita 39, ya tsaya ƙasa da dutsen, bai taɓa gida ko ɗaya ba.